Takardar Aiki a Teku

A zauren jira na makarantar horo a garin Esbjerg, wata mata ta dubi Preben yana ta murza hularsa.

"Bawan Allah, za ka yaga hular nan. Naka ne a ciki?"

"'Yata ce, Signe. Yau za a kife su cikin ruwa, ɗaure a kujera. Wanda ya kwance kansa ya fito, shi ke samun takardar aiki a injinan iska na tsakiyar teku."

"Kwantar da hankalinka, za ta ci. Ɗana ma ya ci."

"Yana ina yanzu?"

"Yana teku mana."

"To, ki riƙe fatanki, ni na fi son ta faɗi. Ni na koya mata iyo, tun safe nake da-na-sani."