Kuɗin Tabarmar Wada

Inna: Alo? Salamu alaikum. Jidda ce? Lurwanu nake nema, mai dakon kaya a bakin jirgi.

Lurwanu: Wa alaikumus salam. Ni ne, Inna. Ina wuni?

Inna: Lafiya lau. Ya aiki? Ya zafin Jidda?

Lurwanu: Alhamdu lillahi. Ya mutan gida? Ya Ramlatu? Ya ƙafar taki?

Inna: Da sauƙi. Jiya har ɗawafi na yi ba sanda. Ƙanwarka tana gaishe ka.

Lurwanu: Ina amsawa. Inna, ba sai kin ɗaga murya ba, wayar tana kawowa.

Inna: Daga Makka zuwa Jidda ne fa, ka bar ni in ɗaga. A kantin Sidi Abdulganiyyu nake, ya ce in gaggauta. Kana cin abinci kuwa?

Lurwanu: Ina ci. Lafiya dai?

Inna: Muɗawwifin nan mai kula da alhazai, wanda kake yi wa aiki, ya aiko. Ran Alhamis zai ɗebi masu kafa wa alhazai tantuna a Mina. In ba ka nan, abokin aikinka Sabo zai ba gurbinka.

Lurwanu: Alhamis... ba na jin za ta yiwu. Akwai abin da nake so in kammala.

Inna: A gidan Wada? Alo? Wayar ce ta yanke ko bakinka?

Lurwanu: Ina ji. Wallahi ya ummi, ba ƙumar ba ce irin ta...

Inna: Yi Hausa. Mai haɗa waya yana saurare, Sidi kuma yana tsaye a kaina. So kake a yi maka bulala a bainar jama'a?

Lurwanu: To, ba caca ba ce irin wadda kike zato. Karta ce ta ƙananan kuɗi. Doka ce ma, ba mai sa fiye da girshi biyu a zagaye. Wa ya taɓa tsiyacewa a kan girshi biyu?

Inna: Haramun ba ta da ƙarama, amma wannan na gaya maka tun kana rarrafe, ba ka ji ba. Yau wata tambaya zan yi. Ka ci?

Lurwanu: Ina ci mana. Ni na iya karanta fuska. Awwalu in ya samu hannu mai kyau sai ya shafa gemu, nan take in janye.

Inna: To ina abin da ka ci?

Lurwanu: Yana juyawa ne. Yau wurina, gobe wurin Awwalu. Ban ci ba sosai, ban kuma faɗi ba sosai.

Inna: Shi Awwalun ya ci?

Lurwanu: Shi ma kusan haka.

Inna: Sauran fa?

Lurwanu: Me kika ce? Wayar tana ƙara.

Inna: Ka ji ni sarai. Ku biyar kuke zama, ba wanda ya ci, amma tun Rajab ban ga ko guntun sabulu daga wurinka ba. Hauwa matar Wada ta zo umra, ta sauka wurina. Awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ga haƙorin Makka sabo fil.

Lurwanu: Ai Wada yana da wasu harkokin.

Inna: Na tambaye ta. Ta ce mijinta bai taɓa riƙe karta ba, bai ma san sunayensu ba. Shi dai ya shimfiɗa tabarma, ya kunna fitila, ya dafa shayi. Duk zagaye ya sa hannu a tsakiya ya cire girshi ɗaya.

Lurwanu: Kuɗin tabarma ke nan. Girshi ɗaya tak, Inna. Ko ruwan shayi bai kai ba.

Inna: Haka na ce ni ma. Da ta tafi sai na kira Ramlatu, muka kwaso ƙwallon dabino muka yi kashi biyar. Ku ke nan. Na ajiye kwano a gefe, Wada ke nan.

Lurwanu: Ke da kanki kika yi caca?

Inna: Allah ya kiyaye. Ba mu taɓa karta ba. Kowane kashi ya sa biyu, mu jefa ɗaya a kwano, ragowar mu ba kashi ɗaya. Ni kuma na fifita naka, don kai ne mai karanta gemu. Na ba ka ci fiye da kowa.

Lurwanu: To, sai na tashi da riba.

Inna: Kai ne dai na ƙarshen ƙarewa. Kafin a kira la'asar kwano ya cika, tabarma ba komai. Ramlatu ta ce mu sake, wai mun yi kuskure. Muka sake, haka ya fito. Ƙanƙantar kuɗin da kake taƙama da ita, ita ce ta ci ka. Tulin goma ne, a cire ɗaya. Ina gwanintar da za ta mayar maka da wannan?

Lurwanu: Tsaya. Duk ƙwallon a kwano?

Inna: Duka.

Lurwanu: Kuma kwanon bai sa komai ba.

Inna: Bai sa ba, bai yi fargaba ba. Yanzu ka gane?

Lurwanu: Wallahi na gane. Ashe bauta muke yi wa Wada. Zan dawo, Inna. Motar Laraba zan hau.

Inna: Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. In aika wa muɗawwif ke nan?

Lurwanu: A'a, bar wa Sabo tantunan. Ɗakinmu na baya, wanda kike ajiye buhunan gawayi, mutum nawa zai ɗauka a zaune?

Inna: Me ya kawo maganar ɗaki?

Lurwanu: 'Yan dako duk Makka za su taru a watan nan, kowa da ɗan canji a aljihu. Unguwarmu Utaibiyya kuma lungu ce, ba mai leƙowa. Tabarma ce kawai da fitila. Ni ba zan taɓa karta ba, kin ga na daina ke nan.

Inna: A Makka? A gidan da nake jin kiran sallar Harami? Lurwanu, ba don haka na...

Lurwanu: Ba na jin ki sosai, ga mai waya yana cewa lokaci ya yi. Ki sa Ramlatu ta fitar da buhunan. Sai Laraba.

Inna: Kada ka kuskura ka... Alo? Alo, Lurwanu? Sidi, don Allah ka ce a sake haɗa ni da Jidda.