Na Tsaya Jiran Tayi Na Biyu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Roni nake rubuto maka, raina a jagule.

Ni mai busa sarewa ne, a wajen kiwo na koya. An gayyace ni bikin kiɗan jaz a Abuja, inda ake haɗa manyan makaɗa da mu masu tasowa. Wata uku ina shiri.

Muna kan dandamali, wani dattijo mai busa ƙahon Turawa ya gama nasa, ya nuna ni, wato in karɓa. Malam, ka san tarbiyyarmu, in babba ya yi maka tayi ba ka cafkewa a karon farko. Na rusuna na ce, "A'a Baba, ci gaba," ina jiran ya sake. Sai ya juya wajen mai ganga. Ashe su tayi ɗaya suke yi. Har aka tashi ban kai sarewata baki ba.

Yau sati biyu ban taɓa ta ba. Kullum Innata sai ta ce, "Yaya suka ji busarka?" Masu sauraro, don Allah, me zan gaya mata?