Sanarwar da Ta Rubuta

A tashar Gwagwalada, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, ina jiran motar Abaji na ji wani dattijo yana tambayar budurwar da ke zaune kusa da shi.

"'Yata, an yi hutun jami'a ne?"

"A'a, Baba. An kore ni. Jarabawa biyu ban zauna ba."

"Subhanallahi! Wasa kika tsaya yi?"

"Aiki na tsaya yi. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ni koyon aikin hulɗa da jama'a. Da safe aji, da rana ofis. Daga baya oga ya ce in riƙa zuwa tun safe, kujera tana jirana in na gama karatu. Ranar jarabawa ina can ina zagayawa da 'yan jarida cikin sababbin gidaje."

"To, ai sai ki koma wurinsu."

"Sun kawo mutanensu daga Legas. Amma ba wannan ke damuna ba, Baba. Akwai ƙauyen da aka tayar saboda ginin. Ni na rubuta sanarwa cewa mutanen sun tashi da murna."

"Kin je kin gan su?"

"Ban taɓa zuwa ba."



"Mun ji sanarwar a rediyo," in ji dattijon. "Matata ta yi ta tambayata wa ya ga murnar. Kabarin mahaifiyarta yana ƙarƙashin gidajen nan."

"Baba, don Allah ku yafe mini."

"Ni na yafe, 'yata. Matar tawa ce ba ta nan. Da damina ta rasu."