Ƙwayoyi Huɗu da Kofin Ruwa

"Hajiya, gobe da sassafe zan je in faɗa wa likita sunan maganin." Malam mai gabatar da shirin rediyon nan, barka da aiki. Wannan alkawarin da wani Alhaji mai kemis a Ƙofar Sauri ya yi mini ne, yau kwana tara ke nan.

Mahaifiyata ta je wurinsa da ciwon gwiwa. Hankalinsa na kan sabuwar Fijo ɗinsa, ya miƙa mata ƙullin maganin wani mutum daban, ƙwayoyi a takarda babu suna. Ta sha kwana biyu, ta faɗi. Yanzu tana asibiti, ko ni ba ta ganewa. Likita na neman sanin abin da ta sha, Alhaji kuwa ya aiko dattawa da goro, wai ƙaddara ce. Na yi karatu, ban ga babin da ƙaddara ke ƙulla magani ba.

Jama'a, in haka ta same ku, kada ku zubar da ragowar. Ku kai wa likita har da takardar. Na kai, amma na ajiye huɗu.

Alhaji, na ba ka zuwa Juma'a. In ba ka je wurin likita ba, zan tare ka a ƙofar masallaci da huɗun nan da kofin ruwa. Ka haɗiye a gaban dattawanka, mu ga ƙaddara.