Madarar Kawu Ba Ta Wanke Huhu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna. Baƙin da ba su san ni ba, sunana Bulus. 'Yan ikilisiyar nan sun san ni a cikin mawaƙa, ni ne mai muryar da Mama Saratu ta zumuntar matan ikilisiyarmu ke cewa ana jin ta har tashar jirgi. Sun kuma san lokacin da muryar ta ɓace.

Ga abin da ya cinye ta. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, yana da ɗakin narka roba a bayan layin dogo, nan Kaura. Ranar kasuwar Shinkafi mukan je mu lodo tsofaffin bututun ruwa da matattun takalma, wasu kuma a kawo mana daga Zurmi da Moriki. Mu farfasa, mu niƙa, mu narka a inji, a fitar da sababbin takalman roba. In injin ya yi zafi da yawa robar ta ƙone, sai wani hayaƙi mai yaji ya tashi, ya shaƙe maƙogwaro, hawaye na zuba kamar ana yanka albasa. Maƙwabta suka kai kuka wurin mai unguwa saboda warin. Sai Kawu ya sa aka toshe tagogin da kwano. Maƙwabta suka huta, mu muka shanye rabonsu.

Amma kada wani ya ce Kawu bai kula da mu ba! Kullum in an tashi aiki, sai a miƙa wa kowa gwangwanin madara, wai tana wanke gubar da muka shaƙa. Ya ce haka ake yi a manyan masana'antu. Na yarda da madarar nan da zuciya ɗaya, har tausayin ma'aikatan da ba a ba su nake ji.

Tari ya fara. Na ƙara madara. Ƙirji ya riƙe, na rame, abinci ya fita raina. Ranar wata Lahadi na buɗe baki a tsakiyar waƙa, numfashi ya yanke, na zauna a gaban jama'a kunya ta rufe ni. Wasu suka ce sammu ne, wai an yi hassadar muryata. Har sunan wanda ya yi suka faɗa mini. Allah ya gafarta musu, bawan Allah bai san komai ba.

Abokin aikina Sani, Musulmi ne mutumin Kasuwar Daji, shi ya gaji da kallona. Ya zo da mashin ya ce, "Bulus, wagga madara ba ta yi maka komi. Tashi mu tahi asibiti."

Likita ta tambaye ni aikina, na faɗa mata. Ta ce irin robar bututun nan daga wata iska mai guba ake haɗa ta, sunanta binil kulorayid, shi ya sa a masana'antar kirki ba a wasa da ita: ana zuƙe hayaƙin a fitar, ana auna zafin inji, ana ba ma'aikaci abin rufe hanci na gaske. Ta ce in robar ta ƙone, hayaƙinta na cin huhu, in aka daɗe har hanta yana iya taɓawa. Ni kuwa da ƙarfin hali na ce ai muna shan madara. Ta dube ni ta ce, "Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa. A ina za su haɗu?" Ta ba ni magani, ta ce in na koma ɗakin nan kada in sake ɓata mata lokaci.

Ina kwance a gida Kawu ya zo dubiya, da gwangwanin madara a hannunsa. Ya ce in samu in warware in dawo ranar Litinin, aikin gida ne, ba mai riƙe injin kamar ni. 'Yan'uwa, na ji tsoro. Mutumin da ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, da wane bakin zan ce masa a'a?

Da safe zumuntar mata suka zo yi mini addu'a. Mama Saratu ta ce ni ma in buɗe baki. Na durƙusa, muryata da ƙyar take fita, na ce, "Ubangiji, Kawu ya ba ni tuwo, na gode masa. Amma numfashin nan kai ka hura mini shi. Ka ba ni zuciyar da zan hana a karɓe shi." Kafin mu ce amin tsoron ya sauka daga kaina. Halleluya!

Ranar Litinin na je, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, ka yi mini komai, ba zan manta ba. Amma ba ni shiga ɗakin nan sai an cire kwanon tagogi an sa abin fitar da hayaƙi." Ya ce ni butulu ne. Na ce na ji. Dangi suka yi ta aiko mini cewa na ci amanar riƙo, su ma na ce na ji.

Na sha magani, na sha iskar Allah, numfashina ya dawo. Yanzu gyaran famfo nake yi, ina ci ina ƙoshi. Ubangiji ya yi!

Amma tagogin har yau a toshe suke, kuma Sani na ciki, ya fara irin tarina. Shi ya ɗauke ni a mashin, don haka ba zan yi shiru ba. Na kai maganar wurin duba-gari, zan kuma komawa, wanda zai yi fushi ya yi.

Na gode wa Yesu da ya cece ni. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku kuma je asibiti, kada ku bar kunyar kowa ta kai ku kabari. Ga gwangwanin da Kawu ya kawo mini, ban fasa shi ba. Na ajiye a nan kan tebur, wanda zai bi ta bayan layin dogo ya mayar masa. Mai ganga, buga mini waƙar nan da na kasa ƙarasawa.