Tuje Ba Ya Ƙirga Ƙafafu

A tashar motocin Ingal da ke Agadas, Suwaiba ta zuba wa kamararta ido kamar za ta yi kuka. Wani dattijo da ke gefenta ya ce:

"Ƴata, lafiya kuwa?"

"Baba, hoton tuje malaminmu na jami'a yake so, in babu ba zan gama karatu bana ba. An ce megafiksel goma sha biyu ba sa ɗauko tsuntsu daga nesa. Gara in fasa tafiyar."

"Mega me?"

"Ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto. In suna da yawa, ko tsuntsu ya fito kamar ƙuda, sai a faɗaɗa shi."

"To wa ya ce ki tsaya nesa? Ki ari raƙumi wajen makiyaya, ki raɓe a jikinsa kina tafiya. Tuje ba ya ƙirga ƙafafu. Sai ki matso har taki goma."

"Taki goma? Ai ya cika hoton!" Ta sauke numfashi, ta saɓa jakarta. "Ashe kai ma mai hoto ne, Baba?"

"Ni? Da bindiga na yi nawa, shi ya sa suka yi wuyar gani. Je ki ɗauko waɗanda na bari."