Turakun Burtali

A tashar Showak, Cindo direban tarakta yana jiran mota, wani dattijo ya ja shi da hira.

"Faɗan manoma da makiyaya ya kusa ƙarewa. Hukuma ta kafa turakun siminti a burtali, shanu da hanyarsu, garma da tata."

"Baba, turke ba ya hana kowa. Bara ni da kaina na tuge uku, mai gona ya ce in ƙara masa fili."

"Huɗu ne, ɗana, na san wurin. Nan shanu suka rasa hanya suka faɗa gonar dawa, aka sari ƙanena."

Dattijon ya ci gaba.

"Ina cikin kwamitin sulhu. Dokar bana, wanda ya tuge shi zai mayar, a gaban makiyaya. Yaya sunanka?"